Yadda Ɗalibi Zai Shirya Gajeriyar Tafiyar Hutu Zuwa Dublin Tare da Abokansa

Idan hutu ya ƙarato a jami'o'in Birtaniya, ɗalibai suka zauna shawarar inda za su je su sha iska na kwana uku ko huɗu, da wuya a tashi daga zaman ba a ambaci Dublin ba. Daga Manchester tafiyar jirgin sama kusan sa'a ɗaya ce, daga Landan kuma sa'a ɗaya da 'yan mintoci. Mutanen garin Turanci suke yi, agogonsu ɗaya ne da na Ingila, kuma cajar waya mai ƙafa uku tana shiga soket ɗinsu ba tare da wata dabara ba. Wannan kusancin shi ne ke ruɗar mutane da yawa har su ɗauka gari ne na cikin gida. Dublin babban birnin Jamhuriyar Ayalan ne, ƙasa mai cin gashin kanta da ke da kuɗinta da dokokinta na shige da fice, kuma mai fasfon Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Chadi ko Sudan ba ya shigarta sai da bizarta. Saboda haka yawancin aikin wannan tafiya ana gama shi ne makonni kafin a taka filin jirgi, kuma dole a bi matakan bi da bi, domin wanda ya sa na uku a gaban na biyu yana iya yin asarar kuɗinsa.

Mataki na farko: ku tsayar da mutane da ranaku

Mutum huɗu zuwa shida ya fi sauƙin sarrafawa, domin za su iya kama ɗaki ɗaya ko biyu, su kuma zauna a teburi ɗaya a gidan abinci. Ku zauna tun da wuri kowa ya faɗi irin fasfon da yake riƙe da shi, ranar da izinin zamansa zai ƙare, da iyakar abin da aljihunsa zai iya ɗauka. Abokin da ke da fasfon Birtaniya ko na wata ƙasar Tarayyar Turai ba ya buƙatar biza, don haka kada a bar shi ya tsayar wa kowa rana bisa nasa sauƙin.

A duba kalandar makaranta da kyau. Mai bizar karatu ana lura da halartarsa, kuma masu digiri na biyu su sani cewa a jami'o'i da yawa watannin rubuta kundin bincike ba hutu ba ne a hukumance, ko da ba a shiga aji. Idan akwai shakka a tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje a rubuce. A ɓangaren Dublin kuma, akwai ranakun da masauki ke yin tsada fiye da kima: makon 17 ga Maris da ake bikin ranar Saint Patrick, da duk ƙarshen makon da ake babban wasa ko taron kiɗa a filin Croke Park, wanda ke ɗaukar mutum fiye da 82,000. Tafiyar da ta fara ranar Litinin ko Talata kusan kullum ta fi wadda ta fara ranar Juma'a arha.

Mataki na biyu: biza, kafin a sayi komai

A nan ne aka fi yin tuntuɓe, shi ya sa zan ɗan tsawaita. Bizar karatu ta Birtaniya ba ta ba mutum damar shiga Jamhuriyar Ayalan. Bizar Shengen, wadda ake shiga ƙasashen Turai da yawa da ita, ita ma ba ta aiki, domin duk da cewa Ayalan ta shiga ƙungiyar da ta zama Tarayyar Turai tun 1973, ba ta cikin yankin Shengen. Tsohuwar yarjejeniyar zirga-zirga da ke tsakanin ƙasashen biyu kuwa ta 'yan Birtaniya da 'yan Ayalan ce kaɗai, ba ta duk wanda ke zaune a cikinsu ba. Za ku ji wani yana cewa a sauka a Belfast, babban birnin Ayalan ta Arewa da ke ƙarƙashin Birtaniya, a hau bas zuwa Dublin, tunda babu shinge a kan iyaka. Gaskiya ne babu shinge, amma 'yan sandan Ayalan, waɗanda ake kira Garda, sukan tsayar da bas su duba takardu, kuma wanda aka samu ba shi da biza ya karya doka. Abin da zai biyo baya yana iya ɓata masa neman kowace biza nan gaba, kuma hutun kwana uku bai kai a yi masa wannan kasada ba.

Abin da za ku nema shi ne bizar gajeren zama, mai alamar C, wadda iyakarta kwana 90. Kowa shi zai cike nasa fom a shafin intanet na hukumar shige da fice ta Ayalan, a tsarin da ake kira AVATS. Idan ya gama, zai buga takardar taƙaitawa ya sa hannu, kuma takardar ce za ta nuna masa inda zai kai fasfonsa da sauran takardu, waɗanda ake son su isa cikin kwana 30 da cike fom ɗin. Kuɗin bizar shiga sau ɗaya Yuro 60 ne, ta shiga sau da yawa kuma Yuro 100, ban da ladan kamfanin da ke karɓar takardu a madadin ofishin jakadanci. Wanda zai nema daga gida Najeriya, ofishin jakadancin Ayalan yana Abuja, kuma za a ɗauki hoton yatsunsa.

Takardun da za a tanada su ne: fasfo da zai ci gaba da aiki aƙalla wata shida bayan ranar barin Ayalan; hotuna biyu sababbi; wasiƙa mai sa hannu da ke bayyana dalilin tafiyar, ranakunta, inda za a sauka, wanda zai biya kuɗi, da alkawarin fita kafin wa'adi ya cika; wasiƙar jami'a da ke tabbatar da cewa mutum ɗalibinta ne kuma ana jiran dawowarsa; shaidar izinin zama a ƙasar da yake karatu, wanda zai rage aƙalla wata uku bayan tafiyar; shaidar masauki; da bayanin asusun banki na wata shida. Wannan na ƙarshe yana buƙatar kulawa ta musamman. Al'adar nan ta cewa aboki ya turo maka kuɗi masu kauri ana gobe za a buga takardar banki, domin asusun ya yi kyan gani, ita ce abin da jami'in biza ya fi saurin ganewa. Gara asusu mai ɗan kuɗi da ke nuna shigowar alawus ko albashin aikin wucin gadi a kai a kai. Idan kuma da gaske iyaye ne suka turo kuɗin makaranta a dunƙule, a yi bayaninsa a cikin wasiƙa a haɗa da shaida. Haka kuma duk wanda wata ƙasa ta taɓa hana shi biza ya faɗa a fom ɗin, domin ɓoyewar kanta dalili ce ta hana wannan, kuma ba da bayanin ƙarya yana iya jawo haramcin nema har na shekara biyar.

Ku ba wa aikin aƙalla mako takwas, ku kuma tuna cewa fasfon yana hannunsu a tsawon lokacin, don haka wanda ke da niyyar zuwa gida biki ko wata hidima a tsakani ya yi lissafinsa. Hukumar da kanta tana ba da shawarar kada a sayi tikiti sai biza ta fito. Abin da ya dace shi ne a kama masauki irin wanda ake iya sokewa kyauta, a rubuta jiragen da ake niyyar hawa a cikin wasiƙa, kuma kowa ya ambaci sunayen abokan tafiyarsa domin bayanan su zo ɗaya.

Mataki na uku: hanya da tikiti

Kamfanonin Ryanair da Aer Lingus su ne suka fi yawan jirage tsakanin biranen Birtaniya da Dublin. Farashin da ake fara gani a shafinsu yakan burge mutum, amma a tikiti mafi arha na Ryanair ƙaramar jaka ce kawai, wadda za ta shiga ƙarƙashin kujera, ake ɗauka kyauta, kuma sukan gwada ta a bakin ƙofar jirgi. A yi rajistar shiga jirgi ta manhajar waya tun a gida, domin yin ta a filin jirgi kuɗi ne mai zaman kansa. Mai fasfon da ba na Turai ba ya isa da wuri, saboda sai ma'aikatan kamfanin sun duba bizarsa kafin ya shiga. Kowa ya sayi tikitinsa da kansa, ko kuma mai sayen ya sa hoton fasfon kowa a gabansa yana kwafe sunan harafi bayan harafi. Sunaye irin su Muhammad da Mohammed, ko A'isha da Aishatu, suna da rubutu iri-iri, kuma gyaran suna bayan an biya yana iya cin kuɗi.

Akwai hanya ta biyu ga waɗanda ba sa gaggawa: jirgin ƙasa zuwa Holyhead a yankin Wales, sannan jirgin ruwan Irish Ferries ko Stena Line zuwa tashar Dublin, tsallakawar sa'a uku da ɗoriya. Ana sayar da tikiti ɗaya da ya haɗa jirgin ƙasa da na ruwa, kuma ba a matsa wa mutum a kan kaya. Sai dai a lokacin hunturu teku takan yi fushi a soke tafiya, kuma mai saurin jiri ya tanadi magani. Ga tafiyar kwana uku, a ganina, jirgin sama ya fi, domin ta ruwa tana cinye kusan yini guda a zuwa da wani a dawowa.

Mataki na huɗu: masauki

Masauki shi ne zai ci kaso mafi girma na kuɗinku, domin Dublin na fama da ƙarancin gidaje kuma otal-otal ɗinta suna da tsada. Mafita ga ɗalibai ita ce hostel, amma a karanta bayanin ɗakin kafin a biya. Ɗakuna mafi arha galibi na haɗaka ne, maza da mata baƙin juna a gadaje masu hawa biyu. Akwai ɗakunan mata zalla, akwai kuma ɗaki mai gado huɗu ko shida da ƙungiya za ta iya kamawa ita kaɗai, wanda idan aka raba kuɗinsa bambancin ba shi da yawa, ga kuma sukunin yin salla da ajiye kaya. A zaɓi wurin da ke da kicin na baƙi. A watannin Yuni zuwa Agusta kuma jami'o'in birnin, ciki har da Kwalejin Trinity, sukan ba da hayar ɗakunan ɗalibansu ga matafiya.

Kogin Liffey ya raba birnin gida biyu, kuma lambobin unguwanni suna taimakawa wajen gane wuri: a galibi masu lamba mara, kamar Dublin 1 da Dublin 7, suna arewacin kogin, masu lamba cika kuma, kamar Dublin 2 da Dublin 4, suna kudu. Duk abin da ke Dublin 1, 2, 7 ko 8 ana iya takawa daga gare shi zuwa tsakiyar gari. Ban ba da shawarar kwana a unguwar Temple Bar ba, duk da cewa ita ce ke fara fitowa a hotuna. Mashaya ce a jere, hayaniya har tsakar dare, kuma komai a wurin ya fi tsada.

Mataki na biyar: kuɗi da amana

Yuro ake kashewa, ba fam ba. Kusan ko'ina ana karɓar kati, kuma katunan bankunan waya irin su Revolut, Monzo ko Wise sun fi sauƙin canji. Idan na'urar biya ta tambaya ko a cire da fam ko da Yuro, a zaɓi Yuro. Kada a dogara ga katin naira shi kaɗai.

Abin da ke ɓata zumunci a irin wannan tafiya ba tsadar gari ba ce, rashin magana ce tun farko. Ku naɗa ma'aji guda, kowa ya zuba daidai wa daida a asusun haɗaka na masauki, sufuri da cefanen karin kumallo, abin da ya rage kuma kowa ya ji da kansa. A rubuta duk abin da wani ya biya wa jama'a nan take, a manhaja irin Splitwise ko a zauren WhatsApp na tafiyar. A kuma yarda cewa wanda ya janye bayan an biya masauki zai ɗauki kasonsa, sai dai idan biza aka hana shi, wanda shi ma ya kamata a yanke hukuncinsa tun kafin ya faru. Kowa ya ajiye wani abu a gefe na ko-ta-kwana, ya kuma sayi inshorar tafiya, domin jami'in shige da fice yana iya neman ganinta, kuma ganin likita a Ayalan ba kyauta ba ne: zuwa sashen gaggawa na asibiti ba tare da takardar likita ba Yuro 100 ne.

Mataki na shida: kaya

Ruwan Dublin yayyafi ne mai zuwa da tafiya sau da yawa a yini, tare da iskar da ke karya lema, don haka rigar ruwa mai hula da takalmin da ba ya shan ruwa sun fi komai muhimmanci. Ko a tsakiyar bazararsu zafi bai cika wuce digiri 20 ba. A sa sallaya mai naɗewa da ƙaramar buta ta roba ko gorar ruwa. Kilishi, dambun nama, da duk wani nama ko kayan madara a bar su a gida, domin doka ta hana shigar da su Tarayyar Turai daga waje, kuma Ingila, Wales da Sikotilan yanzu waje ne. A buga takardar masauki, tikitin dawowa, inshora da wasiƙar jami'a a riƙe a hannu, kada a ce suna cikin waya, domin waya takan mutu a lokacin da aka fi buƙatarta.

Mataki na bakwai: sauka da zirga-zirga

A filin jirgin Dublin za ku bi layin waɗanda ba 'yan Tarayyar Turai ba. Biza izinin zuwa bakin ƙofa ce kawai, jami'in da ke zaune a wurin shi ke da maganar ƙarshe. Zai tambayi dalilin zuwa, kwana nawa, da inda za a sauka, kuma amsar kowa ta dace da abin da ya rubuta a fom. Idan ya buga hatimi, a duba ranar da ya rubuta kafin a bar wurin, domin ita ce wa'adin fita, ba ranar da ke jikin bizar ba.

Filin jirgin yana arewacin birnin da nisan kusan kilomita 10, kuma babu jirgin ƙasa da ke zuwa can. Bas-bas na Dublin Express da Aircoach sun fi sauri, amma bas na gari mai lamba 16 ko 41 ya fi arha, kuma 41 yana aiki dare da rana. Kafin ku fita ku sayi katin Leap na baƙi, wanda ake yi na kwana ɗaya, uku ko bakwai, yana kuma aiki a bas na gari, da Luas, wato jirgin da ke bin titi a layuka biyu, ja da kore, da DART, jirgin ƙasan da ke bin gaɓar teku. Wanda ba shi da kati a bas na gari sai ya biya da sulalla, direba ba ya karɓar takardar kuɗi kuma ba ya ba da canji. A Luas ana taɓa katin a na'urar dandamali kafin hawa da bayan sauka, kuma masu duba tikiti ba sa jin uzurin baƙunta. Bas ba ya tsayawa sai an miƙa masa hannu, kuma za ku lura cewa kusan kowane fasinja yana yi wa direba godiya idan zai sauka. Ku ma ku yi.

Mataki na takwas: yadda za a raba kwanakin

Tsakiyar Dublin ƙarama ce, ana gama ta da ƙafa, don haka manyan wurare biyu a yini sun isa, sauran lokacin a bar shi ga yawo. Abu ɗaya ne ba ya jira: tikitin gidan yarin Kilmainham ana fitar da shi a intanet kwana 28 kafin ranar, kuma yana ƙarewa da wuri, saboda haka a saye shi da zarar biza ta fito.

Ranar farko a fara da titin O'Connell. A nan babban gidan waya yake, wanda 'yan tawayen Ista na 1916 suka mayar hedikwatarsu lokacin da suka yi shelar jamhuriya a gaban mulkin Birtaniya, kuma idan kuka matsa kusa da ginshiƙansa za ku ga tabon harsasai. Dogon ƙarfen nan mai tsini da ke tsakiyar titin, mai tsawon mita 120, shi ne wurin haɗuwa mafi sauƙi idan wani ya ɓace. Daga nan a bi bakin kogi zuwa gabas, kusa da ginin kwastan, inda gumakan tagulla na wasu ramammun mutane suke tsaye, ɗaya ya saɓo yaro a kafaɗa. Tunawa ce da babbar yunwar 1845 zuwa 1852, lokacin da cuta ta lalata dankalin Turawa, abincin talakan ƙasar, mutum kusan miliyan ɗaya suka mutu, wasu kusan miliyan ɗaya suka yi hijira. Wanda ya tsaya a nan zai fi fahimtar abin da zai ji a Kilmainham, gidan yarin da aka buɗe a 1796, inda aka harbe jagororin tawayen su 14 a watan Mayun 1916, ciki har da James Connolly wanda aka ɗaure a kujera saboda raunin da ya hana shi tsayuwa. Shekara shida bayan haka, a 1922, kudancin tsibirin ya samu gwamnatin kansa.

Rana ta biyu ta littattafai ce. Kwalejin Trinity, wadda aka kafa a 1592, tana ajiye da Littafin Kells, kwafin Linjila huɗu da aka rubuta da Latin a kan fatar maraƙi wajen shekara ta 800, da zane-zane masu sarƙaƙiya. Shiga da kuɗi ne masu ɗan yawa, shafi biyu kawai ake buɗewa, kuma an kwashe yawancin littattafan tsohon ɗakin karatun domin aikin gyara. Idan aljihu ya yi nauyi a shiga, idan kuwa bai yi ba a zaga harabar kyauta a wuce Chester Beatty, a harabar fādar Dublin, wanda a ganina shi ne wurin da ɗalibi Bahaushe zai fi daɗewa a ciki. Sir Alfred Chester Beatty attajirin haƙar ma'adinai ne haifaffen Amurka da ya koma Dublin a 1950, ya kuma bar wa ƙasar tarin rubuce-rubucensa da ya rasu a 1968. A cikinsu akwai kwafin Alƙur'ani fiye da 260, har da wanda shahararren marubucin nan Ibn al-Bawwab ya rubuta a Bagadaza a shekara ta 391 bayan Hijira. Ana sauya abin da ake nunawa lokaci zuwa lokaci domin kare takardun daga haske, amma duk abin da kuka tarar, wanda ya taɓa riƙe allo da tawada zai tsaya yana kallon yadda aka ja harafi da yadda aka zuba ruwan zinariya a kan surori. Shiga kyauta ne, sai dai a duba ranakun buɗewa kafin a je. Gidan tarihin ƙasa da ke titin Kildare shi ma kyauta ne, kuma a can ne ake ajiye tsofaffin kayan zinariya da gawarwakin da laka ta adana fiye da shekara dubu biyu.

Rana ta uku a fita gari. A hau DART daga tashar Connolly ko Tara Street zuwa Howth, ƙauyen masunta da ke da tafiyar kusan rabin sa'a, amma a duba goshin jirgin da kyau, domin layin arewa ya rabu biyu, wani jirgin Malahide yake zuwa. Akwai hanyar ƙafa da ta zagaye tsaunin a saman teku, wadda gajerarta ke ɗaukar wajen sa'a biyu. Babu shinge a wurare da yawa, don haka masu son hoto su yi nesa da baki, musamman idan ƙasa ta jiƙe. A bakin tashar jiragen ruwa ana sayar da soyayyen kifi da dankali a takarda, kuma a ci shi ana lura da sama, domin tsuntsayen teku na wurin sukan kawo sura kamar shirwa su fizge kifi daga hannun mutum.

Kamfanonin yawon buɗe ido za su tallata muku tafiyar yini ɗaya zuwa tsaunukan Moher a yammacin ƙasar, masu tsayin mita 214 a ƙololuwarsu. Wurin ya cancanci gani, amma fiye da sa'a uku ne a mota kowace fuska, sai mai kwana huɗu. Tafiyar Belfast da duwatsun bakin teku na Giant's Causeway kuwa a yi hattara da ita ƙwarai: can ƙasar Birtaniya ce, wanda ba shi da izinin Birtaniya ba zai shiga ba, kuma mai bizar Ayalan ta shiga sau ɗaya, wadda ita aka fi ba masu nema na farko, idan ya tsallaka ya cinye bizarsa, ba shi da izinin komawa Dublin.

Mataki na tara: abinci da salla

Karin kumallon gargajiya na Ayalan, wanda wasu masaukai ke haɗawa da kuɗin ɗaki, yawancinsa naman alade ne, har da wani baƙin tsiran da ake yi da jini. Miyar naman shanu sau da yawa ana dafa ta da giyar Guinness, kuma wasu masu soya kifi suna kwaɓa fulawarsu da giya ko su soya da kitsen dabba. Tambaya ba abin kunya ba ce, kuma ma'aikata sun saba amsa ta. Shagunan halal da gidajen abincin Larabawa da Pakistan suna da yawa a kewayen South Circular Road da titin Clanbrassil, shagunan kayan abincin Afirka kuma a wajen titunan Moore da Parnell. Hanya mafi sauƙi ga aljihu ita ce a yi cefane a Lidl, Aldi, Tesco ko Dunnes, a karya a masauki, a ɗauki abin rana a jaka, a ci na dare a waje. Ruwan famfo ana sha. Gorar roba da gwangwanin lemo akwai ajiyar santi 15 ko 25 a kansu, wadda ake karɓa idan an mayar da su na'urar da ke bakin kanti.

Masallacin Dublin yana kan South Circular Road, a wani tsohon ginin coci da Musulmin birnin suka saya a 1983, kuma yakan cika ranar Juma'a, don haka a je da wuri. Alƙibla tana wajen kudu maso gabas. Lokutan salla suna sauyawa sosai da yanayi: a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, a Disamba kuma ƙarfe huɗu da 'yan mintoci magariba ta yi, wanda ke nufin Azahar, La'asar da Magariba duk za su riske ku a waje. A tsara yawon hunturu da wannan a zuciya.

Idan ƙungiyar ta haɗa Musulmi da waɗanda ba Musulmi ba, a yi maganar gidan Guinness, wato gidan tarihin kamfanin giyar, da mashaya tun kafin a tashi. Gidan yana cikin wuraren da baƙi suka fi ziyarta, kuma abokai 'yan kudancin Najeriya suna iya son ganinsa, tunda kamfanin ya gina masana'antarsa a Ikeja tun farkon shekarun 1960. Babu laifi a rabu na sa'a biyu, masu zuwa su je, sauran su tafi Phoenix Park su ga bareyi suna kiwo a sake, a sa lokaci da wurin haɗuwa.

Mataki na goma: tsaro da dawowa

Mutanen Dublin masu fara'a ne da son hira, amma birni birni ne. A kula da waya da jaka a cunkoso, kada kowa ya koma masauki shi kaɗai da tsakar dare, kuma a kauce wa 'yan maye da gungun matasa masu neman tsokana. A watan Nuwamban 2023 an yi tarzoma a tsakiyar birnin wadda masu ƙyamar baƙi suka rura, don haka idan kuka ga taron zanga-zanga ku sauya hanya, kada ku tsaya ɗaukar bidiyo. Lambar gaggawa 112 ce ko 999. Fasfo ya zauna a akwatin ajiya mai makulli a masauki, hotonsa kuma a waya da imel.

Ranar dawowa a bar masauki sa'a uku kafin tashin jirgi, saboda cunkoson hanyar filin jirgi ba shi da tabbas. Mai komawa Birtaniya ya tabbatar tun kafin tafiya cewa fasfon da yake riƙe da shi shi ne ke haɗe da bizarsa ta intanet, domin kamfanin jirgi zai duba. Jiragen da suka taso daga Ayalan galibi ba sa bi ta teburin shige da fice idan sun sauka a Birtaniya, wato babu wanda zai buga muku hatimi, saboda haka kowa ya adana takardar shiga jirginsa ta zuwa da ta dawowa a matsayin shaidar ranakun tafiyarsa, zai buƙace su a fom na gaba. Ma'aji kuma ya rufe lissafi a zauren jiran jirgi, kowa ya tura abin da ake binsa kafin a kira fasinjoji.